Inda Ƙwallon Baba Ta Faɗa

Wata a cikinku ta rubuto tana tambayata, wai ni a duk tsawon labarin nan ban taɓa yin laifi ba ne, kullum Mama da Anti Nimatu ne masu laifi? To 'yar'uwa, gyara zama, yau ranarki ce. Abin da zan faɗa na fi shekara talatin ina riƙe da shi. Mu uku ne kawai muka sani, ɗaya a cikinmu kuma ya riga mu gidan gaskiya.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Rufaida. A Soundview na girma, cikin Bronx, a hawa na huɗu na wani dogon gini da lif ɗinsa ke aiki ranar da ya ga dama. A kakar 1993 ina da shekara ashirin da uku, da safe ina karatun jinya, da yamma ina yanka yadi a wani shago a Fordham Road. A shagon na haɗu da Tamimu, ɗan zangon Kumasi. Leshi ya zo saya wa yayarsa, ya tsaya zaɓe har aka kusa rufe shago, washegari ya dawo wai bai tabbata da launin ba. Sau huɗu yana dawowa a kan leshi ɗaya, ni kuma sau huɗu ina yin kamar ban gane ba.

Aikinsa shi ne matsalar. Tamimu yana kula da ciyawar filin golf ne a wani ƙaramin kulob, a wani ɗan gari can arewa, tafiyar awa biyu daga gidanmu. Mama ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "mai yankan ciyawar nan". Anti Nimatu kuwa, ƙanwar Mama, tana da nata ɗan takarar, Jamal, ɗan aminiyarta, mai aikin ofis a Manhattan da nekatai kala-kala. Jamal ba shi da aibu, tsakani da Allah. Sai dai duk lokacin da ya fara magana sai in ji ina tunanin abin da zan dafa gobe. Danginsa sun riga sun nemi a ba su rana su kawo goro, Baba ne kawai bai ce uffan ba.

A zamanin babu wayar hannu. Waya ɗaya ce a falonmu, a kan ɗan tebur mai mayafin saƙa, kusa da ita akwai na'urar ɗaukar saƙo mai ƙaramin kaset da jar fitila. Duk wanda ya bar saƙo, gidan gaba ɗaya ne zai saurara, don Mama ba ta danna maɓallin sai kowa ya zauna. Tamimu ya san haka, saboda haka saƙonsa kullum da gaisuwa yake farawa: ya gai da Baba, ya gai da Mama, ya tambayi gajiya, ya tambayi sanyi, ya tambayi mutanen gida, kafin ya iso kaina kaset ya yi ƙara ya yanke. Wata takwas muna tare, ban taɓa jin ƙarshen saƙonsa ba.

Ranar wata Juma'a da la'asar sai ga saƙo da ya kai ƙarshe.

"Salamu alaikum. Baba, ina gaisuwa, ina gai da Mama. Monday kulob a rufe yake, ranar ana bar wa ma'aikata filin, an yarda mu buga mu kawo baƙo. In Baba zai samu dama, ina so ya zo ya ga inda nake aiki. Rufaida, flat shoes, don Allah, ciyawar ba ta son tsinin takalmi kraa, ko kaɗan."

Anti Nimatu ta kwashe da dariya har ɗankwalinta ya zame. "Yaya, kin ji? Gayyatar suruki ake yi zuwa gona."

Baba bai yi dariya ba. Malam Mainasara mutum ne da za ka iya ƙirga maganarsa ta yini da yatsun hannu. Shekara goma sha tara yana tuƙa manya a wani ofishin jakadanci, ya iya zama shiru a mota har mutum ya manta yana nan. Ya ajiye kofin shayinsa, ya ce, "Zan je. Ba na ba da 'yata ga mutumin da ban ga aikinsa ba. In na dawo zan yi magana ɗaya, kowa ya huta."

Ranar Lahadi ina wanke shinkafa a kicin Mama ta tsaya a bayana. Muryarta a sanyaye, wadda ta fi faɗanta ban tsoro.

"Ubanki bai taɓa riƙe sandar nan ba, kin sani ko? Kai mutane yake yi, ya jira su. In yaron nan ya bari ya ji kunya a gaban 'yarsa, ke da kanki kin san amsar. Ni dai ban ce komai ba."

Ta faɗi komai, ai. Maganar nan ta kwana a ƙirjina, ta kuma bi ni cikin mota washegari.

Bari in faɗa muku shigar da na yi, don na san akwai masu jira. Atamfa ce ruwan ganye mai zanen tsuntsaye farare, riga da siket, da mayafi ruwan madara, da ɗan kunnen Mama na zinariya da na ara ba ta sani ba. Ƙafata ta sha lalle tun ranar Asabar, sai ga shi duk na cusa shi cikin farin kambas na zuwa asibiti. Na kalli madubi na ga sama amarya, ƙasa mai tsere. Baba kuwa farar shadda ya sa, da hula zanna, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Kafin mu fita na ga ya buɗe durowar da yake ajiye fasfo, ya ɗauko wata tsohuwar ƙwallon golf da ta fara yin rawaya, da harafin mim a jikinta da biro. Wani maigidansa na farko ne ya manta ta a but ɗin mota. Ban taɓa sanin yana da ita ba.

Mun bar gida bayan asuba. Gine-gine suka yi ta raguwa, hanya ta yi ta ƙanƙancewa, har muka shiga inda itatuwa suka haɗe kai a sama. Ganye ya juya, wani ja, wani ruwan lemo, wani kamar an zuba masa kurkum. Garin kansa titi ɗaya ne: coci fari, shagon aski, gidan mai, da wata tsohuwa tana share ƙofar gidanta wadda ta ɗaga mana hannu kamar ta san mu. Ni da na saba da ƙarar jirgin ƙasa a kan kaina, shirun wurin sai ya sa na ji kamar kunnena ne ya toshe.

Filin kuwa, har yau in na rufe ido ina ganinsa. Hazo ya kwanta a kan ciyawa iya gwiwa, rana tana ratsa shi kaɗan-kaɗan. Akwai wani ɗan tafki da agwagin daji suke yawo a kai, da tutoci ja a nesa, kowace a tsaye ita kaɗai. Raɓa ta rufe ko'ina, fari fat, duk inda ka taka sai sawunka ya fito kore. A tsakiyar wannan duka ga Tamimu yana tahowa, jakar sanduna a kafaɗa, da wankakkiyar riga mai kwala da na san ya goge ta sau biyu. Na ji zuciyata ta yi wani irin sanyi mai daɗi. A ranar na yarda zan iya zama a garin da titinsa ɗaya ne, in dai da shi.

Ya durƙusa har ƙasa ya gai da Baba, wandonsa ya jiƙe da raɓa. Ni ko kallona bai yi ba, sai da Baba ya juya yana duba tafki sannan ya saci kallon kambas ɗina ya danne dariya.

Da farko aikinsa ya nuna. Ya kai mu wurin da ciyawa ta fi laushi, kewaye da rami, wanda suke kira green. Ya ce kullum kafin rana ta fito yake aske ta, tsawonta bai kai kaurin ƙwayar shinkafa biyu ba. Ya nuna yadda yake huda sabon rami da wani ƙarfe, ya ɗauki ƙasar ya toshe na jiya, har ba za ka gane inda yake ba. Baba ya tsugunna, ya shafa ciyawar da tafin hannu, ya ɗebi ƙasa kaɗan ya murza ya sansana. Ɗan manomi ne daga wajen Gumel, ƙasa ba ta yi masa ƙarya.

"Yashi ka haɗa mata?"

"E, Baba. Da taki kaɗan. In ruwa ya kwanta saiwar tana ruɓewa."

Baba ya gyaɗa kai sau ɗaya. Na ji kamar in yi guɗa.

Sai aka zo bugu, nan abin ya fara lalacewa. Ku da kuka san surukuta, ku yi tunanin saurayi zai koya wa uban budurwarsa yadda zai tsaya. Tamimu ba ya iya kallon idon Baba, balle ya taɓa kafaɗarsa. Yana tsaye nesa yana cewa, "Baba, in an ɗan sunkuya. In an ɗan buɗe ƙafa." Baba ya naɗe hannun riga, ya ɗaga sanda, ya kawo da ƙarfi, ya sami iska. Ya sake, ya tono ƙasa. A na uku hularsa ta faɗi. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, irin yadda take yi in wani yaron ofis ya kira shi da sunansa tsirara. Maganar Mama ta dawo mini kalma-kalma.

Rami na farko bugu goma sha ɗaya, na biyu tara. A na uku Allah ya taimaka sandar ta sami ƙwallon sosai, ta yi wata ƙara mai daɗi, ta tashi sama ta haye ɗan tudun da ke gabanmu. Sai dai a ƙarshe ta karkata dama, ta nufi wata babbar bishiya. Ni dama ina gaba, a gefe, riƙe da fulas ɗin shayi. Na riga su haye tudun.

Na same ta a gindin bishiyar, ta maƙale tsakanin saiwa biyu, ganye ya rufe rabinta. Ko ni da ban san wasan ba na san babu mai fitar da ita daga nan da mutunci. Na waiga, tudu ya kare su. Ban yi dogon tunani ba. A raina cewa na yi, bugu mai kyau ɗaya da bawan Allahn nan ya yi a rayuwarsa, ba za a bar saiwa ta cinye shi ba. Na sa kan kambas na turo ta, sau ɗaya, sau biyu, sau uku, har ta gangara fili inda ake hango tuta sarai. Na koma gefe na riƙe fulas da hannu biyu kamar wadda ba ta taɓa motsi ba.

Da na ɗaga ido sai na ga kan Tamimu a saman tudun. Ya fi Baba tsawo, kuma idonsa ya saba hango ɓarnar da kurege ya yi daga nesa. Ya gani. Na ƙifta masa ido, ina nufin taimakonmu na yi. Fuskarsa ba ta amsa ba.

Suka iso. Baba ya tsaya a kan ƙwallon ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan, ba tare da ya ɗago ba, ya ce, "Tamimu, kai ka san filin nan. Nan ta faɗa?"

Ina so ku tsaya nan tare da ni kaɗan. A wajenmu saurayi ba ya musa wa uban yarinya, ko da ya ce rana daga yamma take fitowa. "E, Baba" kawai zai ce, a buga, a wuce, a ci abinci cikin raha. In ya ce a'a, ya ƙwace wa dattijo abin farin cikinsa ɗaya na ranar, ya kuma tona ni. Na kafe shi da ido ina roƙonsa da duk abin da ke fuskata.

Tamimu ya sauke jaka. Ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Baba, a gafarce ni. Ba nan ta faɗa ba."

"Ina ta faɗa?"

Ya ɗauki ƙwallon da hannu biyu, ya taka har gindin bishiyar, ya sa ta tsakanin saiwoyin nan, daidai inda na same ta. Har ganyen ya mayar mata.

"Wa ya matsar da ita?"

"Wannan kam ba zan iya faɗa ba, Baba. Inda ta faɗa aka tambaye ni, shi na sani."

Haushinsa ya kama ni, haushi na gaske, har na ji hawaye. Na ce a raina, shi ke nan, ka yanka mu da hannunka saboda wata ƙwallo mai rawaya.

Bugu huɗu Baba ya yi kafin ya fita daga gindin bishiyar. Na farko sandar ta daki saiwa har ya yarfe hannu. Shaddarsa ta ɓaci da ƙasa. Haka muka bi sauran ramukan, tara ne gaba ɗaya, hazo ya watse, rana ta yi ɗumi, ganye yana saukowa ɗaya-ɗaya a kan kafaɗunmu. Wurin ya ƙara kyau, ni kuma ina tafiya a cikinsa kamar mai bin gawa. A rami na ƙarshe ƙwallon Baba ta gangara daga nesa kaɗan ta faɗa da wata 'yar ƙara kamar an jefa tsakuwa a kofi. Ya sunkuya ya ciro ta da kansa, ya sa a aljihu.

Mun yi azahar a bakin tafki, Baba ya ja mu. Tamimu ya kawo waakye, shinkafa da wake irin na Kumasi, da yayarsa ta dafa, da soyayyen yajin da suke kira shito da dafaffen ƙwai, muka ci a rumfar ma'aikata. Baba ya ci kaɗan, ya ce an gode, ya ce a gai da yayar. Da za mu shiga mota Tamimu ya matso ya ce a hankali, "Rufaida, ki yi haƙuri paa, sosai." Na shige na ja ƙofa, ban kalle shi ba.

Mun fi awa guda a hanya. Itatuwa suka fara raguwa, gine-gine suka fara dawowa. Ina shirya yadda zan zauna da Jamal da nekatai ɗinsa har ƙarshen rayuwata, sai Baba ya ce, idonsa a kan titi:

"Raɓa ba ta ɓoye sawu, Rufaida. Na ga layin da ƙwallon ta bi daga bishiya. Na ga kambas a gefensa, ƙafa ƙarama."

Na rufe fuska da mayafi. "Baba, don kada ka ji kunya ne."

"Na sani."

Muka wuce wata babbar mota. Da ya ci gaba, muryarsa ta sauka, ban taɓa jin ta haka ba.

"Kina tsammani jira kawai nake yi a mota? Wani lokaci sukan ce, Mainasara, ɗauko jaka ka biyo mu. In ƙwallon maigida ta shiga daji, ni nake riga kowa zuwa. In tura ta da ƙafa, in ce ranka ya daɗe ga ta nan a fili. Ya san na tura, na san ya sani, a buga a yi masa tafi. Shekara goma sha tara ina yi. Yau na ga sawunki, na ce ashe har 'yata ta gaje ni."

Hawaye suka zubo mini sosai. Ya miƙo mini hankicinsa ba tare da ya juyo ba.

"Na tambaye shi ne in ga ko irina ne. Da ya ce e, da ban zarge shi ba, ladabi ne. Amma da na san duk ranar da kika zo gida da kumburarren ido, zai durƙusa ya ce mini lafiya lau." Ya ɗan yi murmushi. "Ya faɗa mini inda na faɗa, kuma ya ƙi ba da sunanki. Tun da na zo ƙasar nan ba a taɓa girmama ni haka ba."

Na riƙe hankicin nan mai ƙanshin turarensa har muka shiga Soundview.

Lif ba ya aiki, muka hau da ƙafa. Tun daga hawa na uku nake jin muryar Anti Nimatu da ƙanshin turaren wuta. Da muka shiga, falo a cike: Mama ta sa leshinta na fita, Anti tana kan doguwar kujera, a tsakiyar tebur kuma ga faranti babba shaƙe da goro fari da ja, da kwalin alewa, da turmin atamfa biyu. Ashe dangin Jamal ba su jira amsar Baba ba, sun aiko a ɗan taɓa kafin a sa rana. Jar fitilar na'urar saƙo tana ƙiftawa a gefe, na san ko waye, na kuma san gaisuwa ce za ta cinye kaset ɗin.

"Sannunku da gona," in ji Anti, tana kallon ƙasar da ke jikin shaddar Baba. "Yaya Malam, ga abin arziki ya iso tun kuna can."

Baba ya cire takalmi a nutse. Ya zo gaban teburin ya tsaya yana kallon farantin. Sannan ya sa hannu a aljihu, ya ciro ƙwallon nan mai rawaya, da koren ciyawa a jikinta da mim ɗinta da ya fara gogewa, ya ɗora ta a saman goron.

"A mayar musu da godiya, Nimatu," ya ce. "An riga su."

Mama ba ta kalli Baba ba, ba ta kalli ƙwallon ba. Kunnena ta kalla, inda zinariyarta ke lilo, ta miƙe ta buɗe ƙofar ɗakinta ta tsaya riƙe da ita tana jirana in zo in amsa laifin ɗan kunnen da na ara ba ta sani ba.